Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano kan Dokar Lasisin Ma'aikatan Agajin Gaggawa

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano,
Ta hannun wakilan mazaɓun Gaya da Ajingi,
Harabar Majalisar Dokoki, Kano.



Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne roƙon majalisa ta yi doka guda bayyananniya wadda za ta tsara aikin ma'aikatan agajin gaggawa a Jihar Kano, ta fayyace wanda ya cancanci amsa wannan suna, da irin horon da dole ya samu, da abin da aka yarje masa ya yi wa majiyyaci, da kuma hukumar da za ta ba shi lasisi, ta karɓe idan ya saɓa. Ma'aikacin agajin gaggawa shi ne mutumin da ran majiyyaci ke hannunsa tun daga inda abin ya faru, ko bakin titi ne ko gona ko ɗakin mai naƙuda, har zuwa lokacin da za a miƙa shi ga likita ko ma'aikaciyar jinya a asibitin da zai iya da lamarinsa. Lasisi kuwa izini ne na hukuma, mai wa'adi, wanda ke shaida wa jama'a cewa an jarraba mai riƙe da shi an same shi ya iya, kuma akwai inda za a kai ƙararsa in ya yi sakaci. An kafa hujjar wannan roƙo da Gaya da Ajingi ne saboda a irin waɗannan wurare tafiya zuwa babban asibiti take da tsawo, kuma gwargwadon tsawon tafiya gwargwadon nauyin da ke kan wanda ke zaune kusa da majiyyaci a cikin mota.

Gaya da Ajingi biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, suna gabashin Kano a kan iyaka da Jihar Jigawa, kuma su da Albasu ne suka haɗu suka zama Masarautar Gaya bisa dokar masarautu ta shekarar 2024, kamar yadda su ukun suke da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum kimanin 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000, adadin da ya ƙaru ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Galibin waɗannan mutane manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa, suna zaune a garuruwa irin su Kademi da Shagogo da Gamarya, da Toranke da Gurduba da Balare da Kunkurawa, tare da ƙauyuka da rugage masu yawa waɗanda kwalta ba ta kai gare su ba, kuma da damina hanyoyinsu kan yi wuyar bi. Majiyyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin mazaɓarsa sai an kai shi Babban Asibitin Gaya, in kuma ya fi ƙarfin nan sai an bi da shi ta Wudil, an haye gada, an ratsa cunkoson Mariri, kafin a isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Ƙashi na Dala. Tafiyar ta haura kilomita 60 daga garin Gaya kaɗai, ban da nisan ƙauyen da aka taso, kuma ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci takan ƙara tsawo.

Masana lafiyar mata masu juna biyu sun daɗe suna amfani da wani bayani da Thaddeus da Maine suka wallafa a 1994, wanda ya raba jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Jinkiri na biyu shi ne wannan wasiƙa ta fi damuwa da shi, domin an saba ɗaukarsa a matsayin matsalar mota da hanya da kuɗin mai kawai, alhali rabin matsalar ita ce abin da ake yi wa majiyyaci, ko abin da aka kasa yi masa, a cikin wannan lokaci. A mafi yawan ƙauyuka abin da ke kai mara lafiya asibiti shi ne babur ko adaidaita-sahu ko a-kori-kura ko motar wani maƙwabci mai tausayi, kuma masu rakiya dangi ne waɗanda ƙauna ta cika zukatansu amma ba wanda ya taɓa koya musu abin yi. Wanda ya suma, in aka kwantar da shi rigingine, harshensa ko amansa na iya toshe masa hanyar numfashi cikin 'yan mintuna, alhali juya shi kan gefe ya isa ya hana hakan. Wanda ya karye a wuya ko a ƙashin baya, in aka kama hannu da ƙafa aka jefa shi bayan mota, ana iya tsinka masa laka ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Wanda jini ke zuba daga cinyarsa na bukatar a danne wurin da ƙarfi ba sassautawa, wanda kububuwa ta sara kuma yana bukatar a hana gaɓar motsi a gaggauta kai shi inda ake da maganin dafi, ba tare da tsaga ko ɗaurin da zai kashe ƙafar ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koyarwa, ake jarrabawa, kuma ake mantawa in ba a sabunta ba, shi ya sa suke bukatar tsarin da doka ce kaɗai za ta iya dawwamar da shi.

Akwai kuma magunguna da kayan aiki waɗanda amfaninsu ya rataya a kan lokaci. Babban binciken da aka wallafa a 2017, wanda ya ƙunshi mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna cewa allurar taranezamik asid na rage mutuwa daga zubar jini bayan haihuwa idan aka yi ta cikin awa uku, bayan nan kuma amfaninta ya wuce. Allurar magnesiyam salfet ita ce maganin jijjigar masu ciki, kuma a asibitocin Jihar Kano aka ga yadda shigo da ita daga 2008 ya rage mace-macen da wannan cuta ke jawowa matuƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sanya wa ƙaramin yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani maganin atesunet ta dubura kafin a tura shi babban asibiti, idan ba halin yi masa allura. Akwai rigar matse jiki da ake naɗe wa macen da jini ya ƙare wa, domin ta tura sauran jinin zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda za a yi mata ƙarin jini. Jihar Kano ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi, domin Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya nuna cewa gano zubar jini da wuri da haɗa magunguna lokaci guda na rage munanan sakamako da kashi 60 cikin ɗari. Tambayar da ta rage, wadda likita ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba, ita ce wane ne doka ta yarda ya riƙe waɗannan magunguna a cikin mota tsakanin Toranke da Gaya, ko tsakanin Gaya da Kano, bisa umarnin wa, kuma wa zai ɗauki alhaki in an yi kuskure.

Dokokin tarayya sun riga sun share fage. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 11 ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun domin kulawar gaggawa. Daga wannan kaso ne aka ƙaddamar da tsarin ƙasa na agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda aka fi sani da NEMSAS, a 2022, tsarin da ke biyan kuɗin ɗaukar majiyyaci da kulawar awa 48 na farko, yake kuma dogara ga jihohi su kafa nasu rassan. Wata doka ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112, akwai kuma 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Waɗannan tanade-tanade sun yi magana a kan haƙƙin majiyyaci, da kuɗi, da mota, da waya. Abin da ya rage wa jiha shi ne ta yi magana dalla-dalla a kan mutumin da zai amsa wayar, da wanda zai tuƙa motar, da wanda zai zauna a bayanta.

Mai Girma Kakaki ya fi kowa sanin cewa tambayar farko da lauyoyin majalisa za su yi ita ce ko jiha na da hurumin yin irin wannan doka. Abu na 49 a jerin ikon da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa tarayya ya shafi sana'o'in ƙwararru waɗanda Majalisar Tarayya ta ayyana, kuma a ƙarƙashinsa ne Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi, da Hukumar Rajistar Ma'aikatan Lafiyar Al'umma suke ba da lasisi ga mambobinsu a duk faɗin ƙasa. Sai dai harkar lafiya gaba ɗayanta ba ta cikin wannan jeri, kuma sashe na 4 ya ba majalisar jiha ikon yin doka domin zaman lafiya da kyakkyawan mulki a kan duk abin da ba a keɓe wa tarayya ba, muddin dokar ba ta ci karo da ta tarayya ba. Saboda haka hanyar a buɗe take: dokar jiha ta amince da lasisin da hukumomin tarayya suka bayar ba tare da maimaita shi ba, ta kuma kafa sharuɗɗan da kowane mai gudanar da motar ɗaukar marasa lafiya a Kano zai cika, har da matakin horon mutanen da zai sa a cikinta. Majalisa ta taɓa bin irin wannan hanya lokacin da ta kafa hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu, wato PHIMA, da hukumar taimakekeniyar lafiya, da Asusun Amana na Lafiya, waɗanda duk suke aiki kafaɗa da kafaɗa da tsarin tarayya.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna cewa wannan mataki ne da kowa ya bi ta kansa. A Amurka, wani rahoto da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta fitar a 1966 ya bayyana cewa kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu shirya jana'iza ne ke yin sa, don kawai su ne ke da motar da mutum zai iya miƙewa a ciki, kuma akasarin ma'aikatan ba su da horon kirki. Rahoton ya haifar da kafa rajistar ƙasa ta ma'aikatan agaji a 1970 da dokar tsarin agajin gaggawa a 1973, amma har yau jihohi ne ke ba da lasisi, bisa matakai huɗu daga mai agajin farko zuwa cikakken ƙwararre da ake kira faramedik. A Ghana, turmutsitsin filin wasa na Accra ranar 9 ga Mayu 2001, wanda ya kashe mutum sama da 120, shi ya kai ga kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa a 2004, wadda ta mallaki makarantar horar da ma'aikatanta, kuma ta samu dokarta ta musamman a 2020. A Ingila laifi ne mutum ya kira kansa faramedik in ba ya cikin rajista, a Afirka ta Kudu kuma akwai kwamitin ƙwararru na kulawar gaggawa a ƙarƙashin majalisar sana'o'in lafiya. A cikin gida, Legas ta fara nata aikin motocin agaji tun 2001. Babban Taron Lafiya na Duniya, a ƙudurinsa na 2019, ya buƙaci ƙasashe su gina tsarin kulawar gaggawa wanda ya haɗa da horar da ma'aikata da tsara aikin kafin isa asibiti. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne mota ana sayen ta a rana ɗaya, amma samar da ma'aikacin da jama'a za su amince da shi yana bukatar shekaru da doka mai ɗorewa wadda sauyin gwamnati ba zai share ba.

Abu na farko da ya kamata dokar ta ƙunsa shi ne matakai, domin Kano ba za ta iya jiran ranar da kowace mota za ta samu mai difloma ba. Mataki na ƙasa shi ne mai agajin farko na unguwa, wanda zai samu horon 'yan kwanaki a kan buɗe hanyar numfashi, da tsayar da jini, da ɗaukar wanda ya karye, da gane alamun haɗari ga mai ciki da ƙaramin yaro. Mutanen wannan mataki suna nan a kowane gari: 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani a masallatan Juma'a da filayen idi, da 'yan Red Cross, da direbobin tasha, da 'yan acaɓa, da ungozomomin gargajiya, da jami'an KAROTA da Hisbah da 'yan kwana-kwana. Jihohin Arewa da dama sun riga sun gwada shirin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar masu naƙuda zuwa asibiti bayan an ba su horo, kuma dokar za ta iya mayar da irin wannan sa-kai tsayayyen tsari mai takardar shaida. Mataki na biyu shi ne ma'aikacin agajin gaggawa mai horon watanni, wanda zai iya ba da iskar oksijin, ya auna bugun jini da sukari, ya karɓi haihuwa in ta zo a hanya, ya kuma ba da wasu ƙayyadaddun magunguna. Mataki na uku shi ne faramedik mai difloma, wanda zai iya sa ƙarin ruwa, ya yi allurai bisa ƙa'ida, ya kula da majiyyaci mai tsanani a doguwar tafiya. Mai karɓar kira da direba su ma su kasance da nasu takardun shaida, domin mai karɓar kira shi ke tantance wanda za a fara zuwa wa, direba kuma yana iya kashe wanda aka ɗauko da gudun ganganci. Ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocin Gaya da Ajingi, ba sa bukatar sabon lasisi, sai ƙarin horon gaggawa irin kwas ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Kwamitin Red Cross na Duniya suka tsara a 2018.

Abu na biyu shi ne iyakar aiki, wato jerin abubuwan da kowane mataki zai iya yi da waɗanda bai isa ya taɓa ba, tare da likita mai sa ido. A duk inda wannan tsari ya kafu, ma'aikacin agaji yana aiki ne da rubutattun ƙa'idoji da likita ya sa wa hannu, kuma yana da lambar da zai kira ya nemi umarni in ya gamu da abin da ya wuce ƙa'idar. Ya dace dokar ta wajabta naɗa irin wannan likita a matakin jiha da kuma a kowace shiyya, Babban Asibitin Gaya ya zama cibiyar shiyyarsa, ta kuma bar wa hukuma ikon sabunta jerin magunguna ta hanyar ƙa'idoji, domin ilimin likitanci yana sauyawa da saurin da gyaran doka ba zai iya bi ba.

Abu na uku shi ne horo da jarrabawa da rajista. Jihar tana da kwalejin kimiyyar lafiya da makarantun jinya da ungozoma, tana kuma da asibitocin koyarwa, don haka abin da ake bukata shi ne dokar ta ce ba a karɓar takardar shaida sai daga makarantar da aka tantance, kuma jarrabawar ta haɗa da gwajin hannu a gaban masu jarrabawa, tunda wanda ya haddace yadda ake danna ƙirji a takarda ba lallai ne ya iya dannawa ba. A koyar da matakin ƙasa da Hausa, a kuma jarraba shi da Hausa, har da baki ga wanda bai yi boko ba, saboda direban tasha da ya shekara ashirin a hanyar Gaya zuwa Dutse ya fi kowa yiwuwar fara isa wurin haɗari. Lasisi ya kasance mai wa'adin shekara biyu ko uku, ba a sabunta shi sai da shaidar ƙarin horo, rajistar kuma ta zama a buɗe ga jama'a ta waya da intanet, kowane ma'aikaci ya rataya katin da ke nuna sunansa da matakinsa. Wanda ya yi sojan gona da wannan suna a hukunta shi.

Abu na huɗu shi ne ita kanta motar. Fenti da jiniya ba su isa su sa a kira mota motar agaji ba. Dokar ta raba motoci gida-gida, ta faɗi kayan da dole a samu a kowace, da mafi ƙarancin ma'aikatan da za su bi ta, ta kuma amince da keke mai ƙafa uku da aka gyara domin hanyoyin ƙauye a matsayin rukuni na musamman mai nasa sharuɗɗa. Motar da wani ɗan siyasa ko attajiri ya bayar gudummawa ta shiga rajista ɗaya da ta gwamnati, a kuma san wanda zai ɗauki nauyin manta da gyaranta da albashin ma'aikatanta kafin a yi bikin miƙa ta. A raba motar ɗaukar gawa da ta ɗaukar majiyyaci, kuma a haramta riƙe majiyyacin gaggawa ana cinikin kuɗin mai.

Abu na biyar, wanda rashinsa zai iya mayar da dokar cutarwa ga talaka, shi ne kariya ga mai taimako. Doka mai tsaurin lasisi, in ba a yi hattara ba, za ta sa maƙwabcin da ya ɗauki mai naƙuda a motarsa da tsakar dare ya ji tsoron an kama shi da laifin aiki ba izini. Dole dokar ta faɗa ƙarara cewa lasisi ya shafi mai yin aikin a matsayin sana'a ne, wanda kuwa ya taimaka da kyakkyawar niyya ba za a tuhume shi ba, ba za a tsare shi a asibiti ko ofishin 'yan sanda ba, ba kuma za a ɗora masa kuɗin magani ba. Tsoron zama shaida ko zama abin zargi yana cikin abin da ke sa mutane tsayawa kallo a wurin haɗari. Shi ma ma'aikaci mai lasisi yana bukatar kariya idan ya yi aiki cikin iyakarsa, da hukunci mai tsanani ga duk wanda ya kai masa hari, da inshora, da rigakafin cututtuka irin su ciwon hanta, da matakan albashi da ƙarin girma a aikin gwamnati, domin sana'ar da ba ta da makoma ba ta riƙe mutanen kirki.

Abu na shida shi ne lissafi da ladabtarwa. Kowace tafiya ta kasance da takardar da aka rubuta lokacin kira, da lokacin isa, da halin da aka sami majiyyaci, da abin da aka yi masa, da wanda ya karɓe shi a asibiti, a kuma tara waɗannan bayanai a gabatar wa majalisa rahoto duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Da irin wannan rahoto ne wakilin Ajingi zai iya tashi a zauren majalisa ya nuna da alƙaluma tsawon lokacin da mutanensa ke jira in aka kwatanta da mutanen Tarauni ko Nasarawa. A kafa kwamitin sauraron ƙorafi mai wakilcin likitoci da ma'aikatan jinya da su kansu ma'aikatan agaji da jama'ar gari, mai ikon gargaɗi da dakatarwa da soke lasisi, tare da damar ɗaukaka ƙara.

Abu na bakwai shi ne adalci ga karkara, domin dokar da ba ta ambaci ƙauye da suna ba takan ƙare a cikin birni. A ware guraben horo ga kowace mazaɓa daga cikin 484 na jihar, a fifita 'yan asalin wurin waɗanda suka san hanya da mutane kuma ba za su nemi canjin wurin aiki bayan wata shida ba, a kuma tabbatar da mata a cikinsu, tunda a gidaje da yawa zuwan ma'aikaciya mace shi zai sa a yarda a fito da mai naƙuda ba da jayayya ba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su shiga cikin zaɓen masu agajin farko, saboda su suka san wanda ake bugun ƙofarsa da dare ya buɗe. Sannan dokar ta ba hukuma ikon ƙulla yarjejeniya da Jihar Jigawa kan amincewa da lasisin juna, domin akwai ƙauyukan gabashin Kano da Dutse ta fi kusa da su fiye da birnin Kano, kuma fashewar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ranar 15 ga Oktoba 2024, wadda ta hallaka mutum sama da 150 ta kuma bar ɗimbin masu ƙuna, ta nuna cewa babban bala'i yana cinye ƙarfin asibitocin yanki guda cikin sa'o'i, sai an nemi hannun maƙwabta. A irin wannan rana ake bukatar mutanen da aka koya wa tantance wanda za a fara ɗauka da wanda zai iya jira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce kuɗi, kuma magana ce mai nauyi. Amma horar da mai agajin farko da rajistarsa ba su kai tsadar mota guda da ke ajiye ba ma'aikaci ba, kuma jihar da ke da ma'aikata da motoci masu rajista ita ce ta fi sauƙin cika sharuɗɗan cin gajiyar kason gaggawa na asusun tarayya, ban da abin da Asusun Amana na Lafiya na jiha zai iya ɗauka. Za a ce an yi yawan hukumomi, kuma amsar ita ce ba dole sai sabuwar hukuma mai ginin kanta ba, ana iya damƙa aikin ga wani sashe mai cin gashin kansa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, a haɗe duk wani tanadi da ke warwatse a wasu dokoki ko ƙa'idoji a wuri ɗaya, da sharaɗin mai ba da lasisi ya bambanta da mai gudanar da motoci, don kada mai aiki ya zama alƙalin kansa. Za a kuma ji tsoron saɓani tsakanin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, wanda maganinsa shi ne a zauna da su tun daga rubutun farko, a nuna musu cewa aikin ma'aikacin agaji yana ƙarewa ne a ƙofar asibiti. Domin kada dokar ta rufe motocin da ke aiki yanzu, a ba da wa'adin shekara biyu ko uku ga waɗanda ke kan aiki su yi rajista ta wucin gadi su kammala horo.

Bisa waɗannan dalilai, ana roƙon Mai Girma Kakaki ya umarci kwamitin lafiya na majalisa ya tattara bayanin motocin ɗaukar marasa lafiya da ke jihar, na gwamnati da masu zaman kansu, da matakin horon masu aiki a cikinsu. Ya sa a tsara ƙudurin doka tare da Ma'aikatar Lafiya da Ma'aikatar Shari'a da hukumomin kula da asibitoci. Ya kuma sa a yi ɗaya daga cikin zaman sauraron ra'ayin jama'a a garin Gaya, da harshen Hausa, inda direbobin tasha da ungozomomi da 'yan agaji da ma'aikatan ƙananan asibitocin Ajingi da Albasu za su faɗi abin da suke gani da idonsu. Idan aka zartar da dokar, ya dace a fara gwada ta a wannan shiyya, saboda tsarin da ya yi aiki a hanyar Gurduba da damina zai yi aiki a ko'ina cikin jihar. Kundin Tsarin Mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban maƙasudin gwamnati, addini kuma ya sanya kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kuma wannan aiki ne da majalisa ke da iko da lokacin kammala shi a zangonta.

Allah ya yi wa Mai Girma Kakaki da 'yan majalisa jagora, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye matafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalamu alaikum.

Daga wani mai kishin lafiyar al'ummar Gaya da Ajingi.